Yadda Aka Raba Tankar Kaftin a Tawa

Sarjan Arzika hannunsa ba ya riƙe abu, kuma duk Tawa an san haka. Ka yaba hularsa a hanya, kai za ka koma gida da ita, shi ya ƙarasa kasuwa da sanƙo a rana yana murmushi. Matarsa Zalika ta daɗe da daina sayen kwano mai kyau don ta san ba zai kwana biyu a gidan ba. In ta dafa nama kuwa, sai ta ɓoye rabi can ƙuryar ɗaka kafin ta miƙa masa sauran a zaure, inda kullum akwai wani mai wucewa da ya tsaya gaisuwa daidai lokacin cin abinci. Maroƙa suna kiransa mai ba da ta wuyansa, kuma wallahi wannan suna ya fi masa daɗi a kan lambobin da ya samo a yaƙin Faransa.

Abu ɗaya ne bai taɓa bayarwa ba, tutar tsoffin sojoji. Tuta ce mai nauyi, an zagaye bakinta da geza ruwan zinariya. Duk ranar feti, wato bikin gwamnati, shi ke ɗauke da ita a gaban jerin gwano, ƙirji waje, ƙafa na dukan ƙasa, mata na guɗa. Sauran kwanakin shekara tana naɗe a saman gadonsa, in ya tashi da safe ya sa yatsu ya taje gezar kamar mai lallashin jariri. Akwai wani Kaparal Ɗangana, tsohon soja shi ma, siriri mai yawan gyaran murya, wanda ya shekara da shekaru yana bin tutar nan da ido. Ba ya faɗi, amma ko makaho ya san abin da ke ransa.

Mai cewa wane ne zai ɗauki tuta kuwa wani Bafaranshe ne, Kaftin, wanda mutanen gari ke kira Mai Lofe. An ba ƙasa mulkin kai shekara biyu ko uku da suka wuce, manyan Turawa sun naɗe kaya sun tafi, shi aka bari yana duba lamarin tsoffin sojoji. Mutum ne da furfurarsa, amma ku ji abin da yake yi da yammacinsa. Yana da wani faffaɗan tebur da ya cika da rairayi, ya yi masa tuddai da kwaruruwa, ya jera ƙananan tankokin yaƙi na roba waɗanda ba su wuce tafin hannu ba. Shi ke haɗa su da kansa, gutsure gutsure, ya shafa musu fenti da ɗan tsinke. In ya gama sai ya raba su gida biyu ya sa su faɗa, yana zagaya tebur yana huci ta hanci. Kukunsa ya rantse ya taɓa jin sa yana yi wa wata tanka faɗa don ta makara. Mutanen Tawa suka ce to, Allah ya kyauta, ashe da ƴar tsana aka mulke mu.

Ana gab da faɗuwar damina Kaftin zai tafi konje, wato hutu, ƙasarsu, sai ya aika aka kira Sarjan Arzika. Ya miƙa masa wani kwali mai hoton tanka tana aman wuta, ya ce wannan ta gidan tsoffin sojoji ce. Ya ce su zauna su haɗa ta a tsanake, ga takardar da ke nuna yadda ake yi, ga ƴar kwalbar danƙo. In ya dawo, ranar fetin Jamhuriya a watan Disamba, za a fito da teburin gaban manyan baƙi, tankokinsa su zama na Jamus, tasu ta zama ta Faransa, a nuna wa jama'a yadda aka ci yaƙi. Kada wani ya ce Arzika bai ji Faransanci ba. Ya ji sarai, har ya ƙame ya sara ya ce, "Wi, mon Kaftin."

Kuskurensa na farko shi ne da ya bi ta kasuwa, kuma ranar Lahadi ce, kasuwar Tawa na ci. Kwali a hammata, hoto a waje. Kafin ya kai ƙofar gidansa labari ya riga shi: Bature ya yi wa Sarjan kyautar tankar yaƙi. To a ƙasar Adar, inda Tawa take, mutum ba ya samun alheri a bar shi shi kaɗai da shi. Kafin la'asar zaure ya cika da ƴan barka, har wasu na tsugune a waje suna leƙe ta kafaɗar na gaba.

"Sarjan, a buɗe mu gani mana," in ji Ɗangana, bayan ya gyara murya.

Arzika ya buɗe. Babu tanka a ciki, sai ƴan gutsattsari masu launin ganye, kowane maƙale a jikin wani firam ta ɗan siririn wuya, ga tayoyi a jere, ga sarƙa, ga murfi, ga bakin igwa. Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin watanda ya san kamannin abin da aka riga aka kasa ana jiran masu ɗauka. Jama'a suka shiga haɗiyar yawu.

A cikin baƙin akwai Maigari Almustafa, mai wani ƙauye can wajen Barmu, wanda ya zo cin kasuwa. Dattijo ne mai jiki, mai magana a hankali. Ya miƙa hannu ya shafa kan tankar, wato ɗan kumburin nan da ke juyawa a sama, ya juya shi ya sake juyawa, sannan ya ce, "Kai, Sarjan, wanga abu da kyawo shike."

Shi ke nan, ya faɗi kalmar. Idanu duka suka koma kan Arzika. Daga bayan katanga Zalika ta yi tari irin wanda ba na mura ba. Arzika ya ji ta, ya kuma tuna Kaftin. Amma sai zuciyarsa ta ce masa, yau Bature nawa suka ce konje za su je, aka sake ganin ko ƙeyarsu? Zamani ya juya, ƙasa tamu ce. Kuma a ce Maigari guda ya yaba abu a zauren mai ba da ta wuyansa, ya tashi hannu wofi, gaban mutanen Barmu? Ya sa babban yatsa ya ɓalle kan tankar, ƙas, ya miƙa da hannu biyu.

"Ranka shi daɗe, ai naka na."

Daga nan kuma wa zai tsayar da rabo? In an ba babba kai, dole na bayansa su sami nasu bisa girma, in ba haka ba an yi cin fuska. Ɗangana ya yi wuf ya yaba bakin igwa, yana kallon Arzika cikin ido. Wani Buzu mai suna Sidi, mai raƙuma daga wajen Takanamat, bai yaba ba, ya dai tsura wa sarƙar ido ta saman rawaninsa har Arzika ya ji kunya ya ba shi. Tayoyi Allah ya sa suna da yawa, suka ishi maƙwabta da surukai. An ɗan yi gardama a kan ko liman ya fi cancanta da gindin tankar ko sarkin fawa, aka sasanta da ba ɗaya gindi ɗaya murfi. Baduku ya tafi da danƙo. Wanzami ya tafi da kwalin don ya manna hoton a rumfarsa. Takardar bayani kuwa mai ƙosai ta ce tana so, aka ba ta.

Da zaure ya watse, abin da ya rage a hannun Arzika ɗan mitsitsin soja ne na roba, rabin jiki, wanda ake dasawa a saman tanka yana leƙen hanya. Ya daɗe yana dubansa. Kashegari ya ƙulle shi a tsumma ya ba masu tafiya Tebaram, ya ce a kai wa Delu, matar amininsa Ma'azu. Tare aka ɗebe su soja, tare suka hau jirgin ruwa, Arzika kaɗai ya dawo.

Damina ta yi kyau, aka yanke gero, aka ɗaure dammuna. Sunan Arzika ya kai inda bai taɓa kaiwa ba, ana cewa mutumin nan har tankar yaƙi ya raba wa talakawa. Yana cikin shan wannan daɗi, wata safiya aka ce ga Mai Lofe can ya sauka daga mota, ya ƙara ƙiba, lofe a baki.

Kaftin ya kira shi ya tambayi tanka. Arzika ya ƙame ya ce tana nan lafiya lau, babu abin da ya same ta. Ba ƙarya ya yi ba, a ganinsa. Amma Ɗangana ya riga shi zuwa gaisuwar sannu da hanya, kuma ya daɗe a ciki. Kaftin ya cire lofe ya ƙwanƙwasa shi a tebur, ya ce shi magana ɗaya yake yi. Ranar feti yana son ganin tanka a haɗe a kan rairayin nan. In babu, sojan da ba ya iya riƙe kwali ba zai riƙe tuta ba, Kaparal Ɗangana zai ɗauka.

Arzika ya koma gida. Ya zauna bakin gado ya ɗaga kai yana kallon tutar, tsoro ya kama shi irin wanda bai ji ba ko a bakin daga.

Zalika ta ce, "Malam, mi ag gare shi wuya? Ka san inda kowane yat tahi. Tashi ka bi su ɗaya ɗaya ka amso."

"In amshi kyauta baya? Ni?"

"To zauna. Ranar feti sai ka tsaya cikin mata kana yi ma Ɗangana guɗa."

Wannan magana ita ta tashe shi. Ya ari jakin maƙwabci ya kama hanyar Barmu, yana tafe yana bitar abin da zai faɗa. Ya gwada wa jakin ta sigar roƙo, ya gwada ta sigar umurnin gwamnati, ya gwada ta sigar aro, wai a ba shi na kwana kaɗan ya maido. Jaki bai yi musu ba ko sau ɗaya, har Arzika ya fara ganin abin mai sauƙi ne.

Maigari Almustafa ya tarbe shi kamar an ce gwamna ya zo. Aka shimfiɗa tabarma sabuwa, aka kawo fura mai sanyi a ƙwarya. Aka gaisa, aka tambayi gida, da gajiya, da sanyi, da dabbobi, da waɗanda aka baro, aka dawo aka sake daga farko. Sannan Maigari ya naɗe hannun rigarsa ya nuna damtse. Ga kan tankar nan an ɗinke shi cikin jar fata, ya zama laya, an bar masa ƴar kafa yana leƙowa.

"Sarjan, ka san abin da ka ba ni kuwa? Abin da harsashin Jamus bai huda ba, ƙarhen Adar ka huda shi? Ran nan gatari yas suɓuce ma wani yaro, yab bi ta nan, ta gehen kunnena. Ko ƙwarzane. Yanzu duk mai shari'ar gona da ni, in ya hangi damtsen ga, sai shi ce a sasanta."

Arzika ya ajiye ludayi, ya share baki, ya tattaro duk ƙarfin da ya tara a kan jaki. "Ranka shi daɗe, dama batun abin nan na da nib ba ka…"

Maigari ya ɗaga hannu, fuskarsa ta cika da kunya. "Kada ka ƙarasa, Sarjan. Na san laihina. Wata da watanni ban aika ma da tukuici ba, har sai da kat tako da ƙahwarka. Wallahi ka kunyata ni, kuma ka yi daidai." Ya juya ya ƙwala kira cikin gida. Kafin Arzika ya ce a'a, an jawo wani rago fari mai ƙaho an danƙa masa igiya, an ɗaura wa jaki dammunan gero hagu da dama. Ya buɗe baki, sai ya ji kansa yana cewa an gode, Allah shi ƙara girma.

Haka tafiyar ta kasance duk inda ya sa ƙafa. A wajen Takanamat ya tarar Sidi ya ɗaura sarƙar tanka a goshin amalensa, ya ce tun daga ranar raƙumin bai ƙara tuntuɓe ba. Aka dafa shayi har sau uku, Arzika ya fito da ƙullin cuku da takalman fata. Tayoyin kuwa duk sun koma wuyan jarirai, don wata ungozoma ta gano suna sauƙaƙa fitar haƙori, kuma wane ne zai tsinke abu daga wuyan jariri uwarsa na kallo? Nan ma kaji aka ba shi. Jaki ya fara nishi.

Tebaram ya bari ƙarshe, don can ne ba ya son zuwa. Ya sami Delu a tsakar gida tana sussuka. Ta tsufa fiye da shekarunta. Ta ajiye taɓarya ta yi masa sannu da zuwa, ta shiga ɗaka ta fito da wata ƴar ƙwarya mai murfi. A ciki, kan auduga, ɗan sojan roba ne.

Ta ce, "Sarjan, ba su kawo man gawa ba, ba su kawo man hoto ba. Ko kabari ban san inda shike ba. Amma duba wuyan ga. Haka Ma'azu ka miƙe wuya in shina hangen shanu." Ta yi dariya tana goge ido da bakin zane. "Jikoki in sun tambai kakansu, shi nika nuna musu."

Arzika ya duba. Shi dai bai ga Ma'azu a jikin roba ba, amma bai ga kuma yadda za a yi bakinsa ya furta abin da ya kawo shi ba. Ko farawa bai yi ba. Ya ce hanya ce ta biyo da shi, ya ce a gaida yara. Ta bi shi har bakin gari da ƙwaryar gyaɗa.

Ya shigo Tawa da rana tsaka kamar madugu: rago a gaba, jaki a tsakiya ya ɓace cikin kaya, kaji na reto ta ƙafa. Mutane suka fito suna mamakin farin jinin Sarjan. Kafin ya kai gida ya rabar da kajin da rabin cukun. Zalika ta tsaya bakin ƙofa ta dubi rago, ta dubi mijinta.

"Ina tanka?"

"Kowa na gaishe ki," in ji Arzika.

Saura bakin igwa, wanda ke nan cikin gari, a hannun Ɗangana. Shi kam kullum yana zaune gaban gidan tsoffin sojoji yana sosa kunne da shi, ido a lumshe, musamman in Arzika zai wuce. Arzika ya gwammace a ɗaure shi da ya roƙi wannan.

Ranar feti gari ya cika tun hantsi. Ƴan lakwal, wato ƴan makaranta, sun jeru da ƴan tutocinsu na takarda, makaɗa na gwada ganguna, manyan baƙi na ƙarƙashin rumfa suna fifita da hula. Ƙarti suka ɗauko teburin Kaftin suka dire a gaban rumfar, rairayi da tuddai da komai. Kaftin ya jera tankokin Jamus a gefe guda, ya bar wa Faransa fili fetal a ɗaya gefen. Mutanen ƙauye duk sun shigo kallo, kuma duk wanda ya sami rabo ya zo da abinsa a jiki, don ranar ado ce.

Arzika ya iso cikin kakinsa da aka sha guga, lambobi a ƙirji, tuta a kafaɗa. Kaftin ya dubi hannunsa, ya dubi bayansa.

"Sarjan, tanka."

"Tana nan, mon Kaftin. Duka ta zo."

Ya juya ga taro ya shiga kiran suna da muryar fareti. Ya tsayar da Maigari Almustafa a tsakiya, damtse a waje. Liman da sarkin fawa suka tsaya kusa da shi. Mata masu goyo ya raba su layi biyu, hagu da dama, inda tayoyi ke zama. Sidi ya jawo amale ya tsaya a gefe. Ɗangana, da ba shi da yadda zai yi, aka sa shi gaba da abin sosa kunnensa. Delu ta tsaya a baya da ƙwaryarta. Kuma a gaskiya, in mutum ya san tanka, ba a sa ko ɗaya inda ba wurinsa ba. Arzika ya ƙame ya sara. Jama'a suka ɗauka cikin shirin feti ne, suka kaure da tafi, wani jariri daga cikin tayoyin hagu ya tsala kuka.

Kaftin ya yi ja har kunne. Ya cire lofe ya yi magana mai tsawo, Ɗangana kuma ya ba da kansa tafinta ba a roƙe shi ba, da murya yadda na bayan fili za su ji. Ya ce Kaftin ya ce abin nan ba na rabo ba ne, amana ce aka ba Sarjan. Ya ce in an tattara gutsattsarin yanzu a kan teburin nan, ko ba a haɗa ba, ya yafe. In ba haka ba, tuta ta bar hannun Sarjan yau.

Sai a lokacin mutane suka gane abin da ya kai Arzika ƙofofinsu da jaki. Maigari Almustafa ya sunkuyar da kai, ya fara kwance igiyar laya da haƙori. Mata suka kai hannu wuyan ƴaƴansu. Sidi ya taɓa goshin raƙuminsa. Delu ta tako a hankali ta buɗe murfin ƙwarya, ta miƙo ta da hannu biyu ba ta dubi kowa ba. Ba wanda ya yi gunaguni. Abin da ya rage kawai Arzika ya cire hula ya tara, tanka ta dawo, tuta ta zauna.

Ya dubi ƙwaryar, ya dubi tutar da ke kafaɗarsa. Yana son tutar nan, Allah ya sani, fiye da yadda ya kamata dattijo ya so ƙyalle.

"Delu, ruhe ƙwaryarki," in ji shi. Ya ɗaga murya. "Kowa shi riƙe abinai. Ni Arzika ban ba da abu ba in amsa."

Ya sauke tutar, ya sa yatsu ya gyara gezar inda ta cukurkuɗe, ya miƙa wa Kaftin. Kaftin ya miƙa wa Ɗangana. Aka yi yaƙin tebur ba Faransa, Jamus ta zagaya rairayi ita kaɗai ba mai tare ta, manyan baƙi suka tafa don ba su san ko haka aka tsara ba. Da aka tashi jerin gwano Arzika ya shiga layi na uku. Bai san inda zai sa hannuwansa ba, ya kai su baya, ya dawo da su gefe. Yana hangen tutar a gaba ta karkace hagu, don Ɗangana bai san nauyinta ba, abin yana ci masa rai da kowane taku.

To amma Tawa ba ta canza hali don an canza mai tuta. Gaban idon kowa Bature ya miƙa wa Kaparal Ɗangana abu, hannu da hannu. Ana watsewa jama'a suka bi shi gida yin barka, mutanen Barmu da na Takanamat da na Tebaram duka, tun da ga su a gari. Arzika ma ya je, don in bai je ba za a ce hassada ce. Ya sami wuri bakin ƙofa ya tsuguna.

Ɗangana ya jingine tuta a bangon zaure yana karɓar gaisuwa, baki har kunne. Maigari Almustafa ya matsa kusa, ya miƙa hannu ya shafa gezar, ya murza ta tsakanin yatsu. Ya daɗe yana murzawa. Sannan ya ce, a hankali yadda ya saba, "Kai, Kaparal, wanga abu da kyawo shike."

Idanu duka suka koma kan Ɗangana. Ɗangana ya gyara murya ya ce ai kayan gwamnati ne. Maigari ya ci gaba da murza gezar. Ya ce amana ce. Wani daga baya ya ce haka ne, tankar Sarjan ma amana ce, kuma da shike mai ita ɗan halak ne kowa ya shaida. Ɗangana ya dubi fuskoki, ya ga yadda sunansa zai kwana a Adar in Maigari ya tashi hannu wofi. Zufa ta karyo masa. Ya ce to, ban da ƙyallen, gezar kaɗai. Wanzami dama yana nan da askarsa.

Aka bi girma, kamar yadda aka saba. Da aka zo kan tsoffin sojoji, Ɗangana ya yanko sili ɗaya ya miƙo wa Arzika ba tare da ya dube shi ba. Arzika ya karɓa da hannu biyu. Ya san silin, na kusa da sanda ne, wanda ya taɓa tsinkewa ya ɗaure shi da zaren Zalika, ga ƙullin nan. Ya yi godiya yadda ake yi, ya yi addu'ar Allah ya sa a riƙe lafiya. Da yake kyauta ba ta tafiya ba tukuici, kuma babu komai a aljihunsa, sai ya cire hular sojansa ya ajiye gaban Ɗangana.

Ya koma gida da sanƙo a rana. Zalika tana tsakar gida tana tankaɗe, ta riga ta ji komai. Ba ta yi masa faɗa ba, abin da ya fi faɗan zafi. Ya shiga ɗaka ya dubi saman gado inda ƙusoshi biyu suka rage a bango, ya fito ya tsaya kanta, ya buɗe tafin hannu.

Ta dubi ɗan zaren zinariya, ta ce, "Shi ke nan abin da ya rage?"

"Shi ke nan." Ya kama hannunta ya sa mata shi, ya naɗe yatsunta a kai. "Kai shi inda kika ɓoye man nama. Kada ki gwada man wurin, kada wani shi zo shi yaba."